Silvio Leonard na Kyuba: ya aka yi gudu irin nasa bai kawo zinaren Olamfik ba?

Tun daren da aka yi fainal ɗin mita 100 na maza a Olamfik ɗin Paris 2024 gardamar nan ba ta mutu ba a wajen masu bin wasanni. Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika duk allo ya nuna musu sakan 9.79, amma aka ba Lyles zinare aka bar Thompson da azurfa, sai mutane suka yi ta yaɗa hoto suna zana jan layi suna cewa ai ga ƙafar wane nan ita ce ta riga taka layi, cuwa-cuwa kawai aka yi saboda ɗan Amurka ne. To tambayar ita ce, ta yaya mutum biyu za su yi lokaci ɗaya amma ɗaya ya tafi da zinare? Kuma wadda ta fi wannan girma, shin lambar da ɗan tsere ya rataya a wuya ita kaɗai ce ke faɗin ko shi waye?

Ni duk lokacin da wannan magana ta taso mutum ɗaya nake tunawa, Silvio Leonard ɗan ƙasar Kyuba, domin abin da ya samu Thompson shi ya same shi a Mosko a 1980, kuma nasa ya fi ciwo nesa ba kusa ba. Yawancinmu in an ce Kyuba to dambe muke tunawa, ko Fidel Castro, ko likitocinsu da suke zuwa Afirka aiki, in aka ce tsere kuwa sai a ce Jamaika da Amurka. Amma akwai shekarun da in ana lissafin mutanen da suka fi kowa gudu a duniya ba a wuce yatsa uku ba a ambaci wannan bawan Allah ba, sai dai in ka buɗe tarihin Olamfik lamba ɗaya tal za ka gani a gaban sunansa, azurfa. Wannan giɓin da ke tsakanin gudun da ya yi da abin da ya samu shi ne abin da ya kamata a warware.

Waye shi, kuma daga ina ya fito

An haifi Silvio Leonard ranar 20 ga Satumba 1955 a garin Cienfuegos da ke gaɓar teku a kudancin Kyuba, wato yana ɗan shekara uku juyin juya halin 1959 ya zo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a labarinsa, saboda gwamnatin Castro ta ɗauki wasanni a matsayin aikin ƙasa, a 1961 ta kafa hukumar wasanni da ake kira INDER, a 1962 ta soke wasan kuɗi gaba ɗaya, babu ɗan dambe ko ɗan ƙwallo da zai yi wasa a biya shi kamar yadda ake yi a Amurka. Aka buɗe makarantun wasanni a larduna, ana zaƙulo yaro tun yana firamare in an ga yana da ƙafa, a kai shi makarantar kwana inda zai yi karatu da safe ya yi atisaye da yamma, ci da sha da likita duk a wuyan gwamnati, in ya yi fice a wuce da shi Havana.

Kuma Leonard bai faɗo daga sama ba, ya tarar da manya a gabansa. Enrique Figuerola ya ci azurfa a mita 100 a Tokyo 1964 a bayan Bob Hayes na Amurka, ita ce lambar Olamfik ta farko da Kyuba ta samu bayan juyin juya hali. A Munich 1972 kuma wata yarinya Silvia Chivás da ba ta cika shekara 18 ba ta ci tagulla a mita 100 na mata. Don haka yaron da ya taso a wancan zamani ya san hanyar a buɗe take, ya ga na gabansa sun bi.

Maganar 9.98 da abin da mutane ba su gane ba game da agogo

Ranar 11 ga Agusta 1977 a birnin Guadalajara na ƙasar Meziko, Leonard ya gudu mita 100 a sakan 9.98. Matashin da ya taso ya tarar da 9.58 ɗin Usain Bolt na Berlin 2009 zai ce to sai me, ai a fainal ɗin Paris ma duk mutum takwas ɗin sun yi ƙasa da sakan 10. Gaskiya ne, amma a ranar da Leonard ya yi wannan gudu mutum ɗaya ne kacal a tarihin duniya ya taɓa sauka ƙasa da sakan 10 da agogon lantarki, Jim Hines na Amurka da ya yi 9.95 a Olamfik ɗin 1968, shekara tara kenan babu wanda ya sake leƙa wajen sai wannan ɗan Kyuba. Bayansa ma sai da aka ƙara jiran kusan shekara shida, sai a 1983 Carl Lewis ya yi 9.97, Calvin Smith kuma ya yi 9.93.

A nan sai an bambance agogo biyu. A da alƙalai ne ke tsayawa a bakin layi da agogon dannawa a hannu, in sun ga hayaƙin bindiga su danna, in ɗan tsere ya iso su sake dannawa, to ɗan Adam yana da jinkiri wajen dannawar farko, shi ya sa lokacin hannu kullum yake fitowa ƙasa da na gaskiya, masu lissafi sukan ƙara wajen sakan 0.24 a kai kafin su kwatanta shi da na lantarki. Shi na lantarki a haɗe yake da bindigar kanta, tana tashi yana fara ƙirga, kyamara ce kuma ke tsayar da shi. Leonard kansa ya yi 9.9 na hannu a Ostrava a 1975, wanda a lokacin daidai yake da tarihin duniya, amma mutane da yawa sun yi irin wannan 9.9 ɗin, kuma daga farkon 1977 hukumar tsere ta duniya ta ce a gajeren tsere ba ta ƙara karɓar tarihin duniya sai na lantarki. Kenan 9.98 ɗin da ya yi a wannan shekarar ya fi 9.9 ɗin daraja, duk da a ido ƙaramin lamba ake ganin ya fi.

Masu suka suna da hujja ɗaya da ba a iya turewa, ita ce tsayin gari. Guadalajara tana sama da mita 1,500 daga doron teku, birnin Meziko inda Hines ya yi nasa ya haura mita 2,200, kuma a irin waɗannan wurare iska ba ta da kauri, ba ta tokare ƙirjin mai gudu kamar a gaɓar teku. Mai dogon zango wannan wahala ce gare shi saboda numfashi, amma mai mita 100 riba ce tsagwaronta. To haka ne, tsayin gari ya taimaki Leonard. Sai dai ni abin da nake cewa shi ne ai ba shi kaɗai ya taɓa gudu a Meziko ba, ɗaruruwan 'yan tsere sun taka waɗannan filaye cikin waɗannan shekaru ba su yi ba, kuma doka ba ta hana ba, abin da doka ta ƙayyade shi ne iskar da ke turo mutum ta baya kar ta wuce mita 2 a sakan. A Kyuba ma kanta sai da aka shafe sama da shekara 40 babu wanda ya sauko ƙasa da wannan lokaci nasa, duk da sabbin takalma da sabbin filaye da sabon ilimin horo.

Rami a Meziko, kwalba a Montreal

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi taɓa ni. A gasar ƙasashen nahiyar Amurka ta 1975 a birnin Meziko, Leonard yana ɗan shekara 20 ya lashe mita 100, Hasely Crawford na Trinidad ya zo na biyu. Amma yana tsallake layi tsokar ƙafarsa ta riƙe, ya kasa tsayar da kansa, ya tafi da gudun nan har ya afka cikin ramin da ya kewaye filin, ya ji mummunan ciwo, aka ɗauke shi, ya yi doguwar jinya. Ga zinare a hannu ga mutum a kwance.

Ya warke, ya koma atisaye, ya isa Montreal a 1976 a cikin waɗanda ake sa ran za su ci. Ana saura 'yan kwanaki a fara sai fasasshiyar kwalbar turare ta yanke shi a ƙafa, kuma ɗan tsere ƙafar nan ita ce jarinsa gaba ɗaya. Ya daure ya shiga, aka fitar da shi tun a kwata fainal. Wa ya ci zinaren? Hasely Crawford, da sakan 10.06, mutumin da Leonard ya bari a baya ƙasa da shekara ɗaya kafin nan. Ba wai ina cewa da ba a yi yankan nan ba to tabbas nasa ne ba, Crawford ya yi gudu na gaske a ranar, ga Don Quarrie na Jamaika ga Valeriy Borzov na Tarayyar Sobiyet. Abin da nake so a gani shi ne Olamfik sau ɗaya take zuwa a shekara huɗu, fainal ɗin kuma sakan goma ne, ɗan tsere kuwa shekarun ganiyarsa ba su cika wuce shida ko bakwai ba, to in ƙaddara ta faɗa wa mako ɗaya shi kenan rabin damar rayuwarsa ta tafi.

A wannan Olamfik ɗin ne kuma Alberto Juantorena ya ci mita 400 da mita 800 a tare, abin da babu namijin da ya sake yi a Olamfik har yau, sai hasken duk ya koma kansa, shi ya zama fuskar tseren Kyuba a duniya, Leonard ya koma gida da ɗingishi. Amma ko da ciwon sai da ya shiga tseren miƙa sanda, Kyuba ta zo ta biyar a fainal.

Shekarun da ya fi ƙarfi babu gasar zakarun duniya irin ta yanzu

Abu na biyu da ake mantawa, gasar zakarun duniya ta wasannin tsere da tsalle da muke kallo yanzu, wadda Tobi Amusan ta ci zinare a cikinta a 2022, ba a fara ta ba sai 1983 a Helsinki. Leonard kuwa ganiyarsa tsakanin 1975 ne da 1980. Kenan duk shekarun da yake kan ƙarfinsa babu inda zai je a kira shi zakaran duniya, in ba Olamfik ba to sai gasannin da yau ba a cika ba su muhimmanci ba.

Ga abin da ya yi a cikinsu. A 1977 ya ci mita 100 a gasar ɗaliban jami'o'i ta duniya a Sofia. A wannan shekarar aka ƙirƙiro wata gasa da ake kira Kofin Duniya, amma tsarinta daban ne, nahiya-nahiya ake yi, Afirka tawaga ɗaya, Amurka ita kaɗai tawaga ɗaya, sauran ƙasashen nahiyar Amurka su haɗu su fitar da tawaga, kuma kowace tawaga mutum ɗaya take sakawa a kowane tsere. Leonard ne ya wakilci yankinsu a Düsseldorf, ya zo na uku a mita 100 da mita 200. A 1978 ya yi 20.06 a mita 200 a Warsaw, wanda ba gari ne mai tsayi ba, wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa sai a kan dutse yake iya gudu. A 1979 a San Juan na Puerto Rico ya haɗa zinaren mita 100 da na 200 a gasar nahiyar Amurka, kuma Amurkawa suna cikin filin fa, sannan a Kofin Duniya na Montreal ya ci mita 200, ya zo na biyu a mita 100 bayan James Sanford na Amurka. Wanda ya yi wannan a yau, da kuɗin talla da gasannin da ake biyan dala, ai ya gama da talauci har jikokinsa. Shi a tsarinsu babu wannan, albashin gwamnati ne da girmamawa.

Mosko 1980: ƙirji ake dubawa ba ƙafa ba

Sai ga Mosko. Amurka ba ta zo ba, kowa ya ce to wannan karon na Leonard ne, 'yan Kyuba biyu ne ma a fainal, shi da Osvaldo Lara. Aka raba layi, Leonard ya faɗa layi na 1, Allan Wells na Birtaniya, ɗan yankin Sikotilan mai shekara 28, ya faɗa layi na 8. Wato ɗaya a wannan gefen ɗaya a wancan, mutum shida a tsakaninsu, babu mai ganin ɗan'uwansa sosai, kuma ɗan tsere yana jin abokin karawarsa ne ta gefen ido, in yana kusa da kai jikinka da kansa yake ƙara wuta. Iska kuma tana gabansu, shi ya sa lokacin bai yi kyau ba. Suka iso tare, agogo ya ba kowannensu 10.25, Petar Petrov na Bulgeriya ya zo na uku da 10.39. Aka koma hoto, aka ce Wells.

Dokar ita ce, ba a duba ƙafa, ba a duba hannu, ba a duba kai ko wuya, gangar jiki ake dubawa, daga kafaɗa zuwa ƙugu, duk wanda wani sashe na gangar jikinsa ya fara isa kan layi shi ya ci. Kyamarar ma ba irin ta waya ba ce, layin ƙarshe kaɗai take kallo tana ɗaukar siraran hotuna ɗaya bayan ɗaya tana jerawa, shi ya sa za ka ga ƙafafun mutane sun lanƙwashe a hoton, abin da kake gani a kwance lokaci ne ba fili ba. Saboda wannan doka ne 'yan tsere suke sunkuyar da ƙirji gaba a taku na ƙarshe, kuma sunkuyawar nan fasaha ce da ake koya, in ka yi da wuri ka rage gudu, in ka makara an wuce ka. Wells ya yi tasa a kan lokaci. Abin da ya raba Lyles da Thompson ma kenan, 9.784 da 9.789, kashi biyar cikin dubu na sakan ɗaya. Babu cuwa-cuwa a ciki, doka ce da kowa ya sani tun kafin a harba bindiga, sai dai tana da zafi.

Bayan 'yan kwanaki aka yi mita 200, Pietro Mennea na Italiya 20.19, Wells 20.21, Quarrie 20.29, Leonard 20.30. Kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ya hana shi tagulla. A mako guda ya rasa zinare da tazarar da agogo bai iya nunawa ba, ya kuma rasa tagulla da mafi ƙanƙantar tazarar da agogon ke nunawa.

To amma ai Amurka ba ta zo ba

Nan ne ra'ayi ya rabu. Ƙasashe sama da 60 ba su je Mosko ba bayan Amurka ta jagoranci ƙauracewa saboda shigar sojojin Sobiyet Afghanistan a ƙarshen 1979, Najeriya ta je, Kenya da Ghana ba su je ba. Masu rage darajar fainal ɗin suna cewa da Stanley Floyd da Harvey Glance da Mel Lattany sun zo to da Wells da Leonard duk sai dai su yi kallo, har suna cewa azurfar ma kyauta ce. Ɗaya ɓangaren kuma suna nuna cewa jim kaɗan bayan gasar Wells ya je Jamus ya kara da Amurkawan nan ya doke su, Leonard kuwa shekara ɗaya kafin nan ya doke waɗanda Amurka ta turo San Juan. Ni ina tare da na biyun, amma ba zan ce zuwan Amurka ba zai canza komai ba, fainal mai Amurkawa uku daban take da wadda babu su.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙauracewar ta ci 'yan Kyuba fiye da yadda ta amfane su. A 1984 Kyuba ta bi sahun Sobiyet ta ƙi zuwa Los Angeles, lokacin Leonard yana da shekara 28, daidai shekarun da Wells ya ci nasa zinaren, ko da yake gaskiya a lokacin ƙarfinsa ya fara ja baya kuma Carl Lewis ya riga ya karɓe fagen. A 1988 kuma suka sake ƙin zuwa Seoul don goyon bayan Koriya ta Arewa. Shekara 12 kenan daga Mosko zuwa Barcelona babu ɗan Kyuba a Olamfik. Javier Sotomayor ya kafa tarihin duniya a tsallen sama ana saura kwanaki a buɗe Seoul, amma bai samu zuwa ba. Ana Fidelia Quirot tana kan ganiyarta a mita 400 da 800, ita ma haka. Mu ma mun san wannan ciwon, domin a 1976 'yan wasan Najeriya sun riga sun isa Montreal aka ce su tattaro su dawo, lokacin da ƙasashen Afirka sama da 20 suka janye saboda New Zealand ta yi hulɗar wasa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Dalilin yana da kyau, ina goyon bayansa har gobe, amma waɗanda suka biya kuɗin su ne matasan da suka yi shekara huɗu suna atisaye.

Miƙa sanda, inda Kyuba ta fi ƙarfinta

Ba za a fahimci ɗan tseren Kyuba ba in ba a yi maganar tseren miƙa sanda ba, domin a wajensu ba wani ƙarin abu ba ne da ake haɗawa a daren gasa, aiki ne na shekara da shekaru. Mutum huɗu ne, kowa mita 100, sanda ce ke zagaya filin. Na farko da na uku suna gudu a kwana, na biyu da na huɗu a miƙe, sandar tana tafiya dama, hagu, dama, hagu don kar a yi karo a cikin layi. Mai karɓa ba ya waiwaye, yana sa alama a ƙasa, da ya ga ɗan'uwansa ya taka alamar sai ya fizga da gudu, sai ya ji kira ya miƙa hannu baya, kamar ka miƙa wa mutum saƙo ta tagar mota alhali motar ba ta rage gudu ba. Kuma dole musayar ta faru a cikin wani yanki da aka shata, a zamanin su Leonard mita 20 ne da ƙarin mita 10 na ɗaukar gudu, yanzu an haɗe su ya zama mita 30, in sandar ta wuce yankin ba ta shiga hannu ba an kore ku ko da kun zo na ɗaya.

Shi ya sa ƙasar da ba ta da manyan taurari take iya doke mai su. Japan ta ci azurfa a Rio 2016 alhali a lokacin babu ko ɗaya cikin mutum huɗun da ya taɓa yin ƙasa da sakan 10, Amurka kuwa da duk taurarinta an sake korar mazanta a Paris 2024 saboda musaya. Tsarin Kyuba na tara 'yan wasa wuri ɗaya a Havana, koci ɗaya, fili ɗaya, shekara bayan shekara, ya dace da wannan tsere sosai. A Meziko 1968 mazansu, Hermes Ramírez da Juan Morales da Pablo Montes da Figuerola, suka ci azurfa, matansu ma su Miguelina Cobián suka ci azurfa, duka a bayan Amurka. A 1972 matan suka ƙara tagulla. Leonard ya gaji wannan, shi da Hermes Ramírez ɗin nan na 1968 sun yi tawaga ɗaya a Montreal, tsoho yana miƙa wa yaro, sannan a Kofin Duniya na 1979 shi da Lara suka haɗu da 'yan Brazil biyu suka ci wa yankinsu zinare.

Akwai ma inda labarinsu ya haɗu da namu kai tsaye. A Barcelona 1992 Amurka ta kafa tarihin duniya da 37.40, Najeriya ta ci azurfa da 37.98, su Oluyemi Kayode da Chidi Imoh da Olapade Adeniken da Davidson Ezinwa, waɗanda suka biyo bayansu da 38.00 suka ɗauki tagulla kuwa 'yan Kyuba ne, Andrés Simón da Joel Lamela da Joel Isasi da Jorge Aguilera. Kashi biyu cikin ɗari na sakan tsakaninmu da su. A wannan gasar suka ci azurfa a miƙa sanda na mita 400 sau huɗu da Roberto Hernández a ƙarshe, a Sydney 2000 kuma suka sake cin tagulla a na mita 100 sau huɗu.

Ina magadansa suke yanzu

Barcelona ita ce ƙololuwa, Kyuba ta zo ta biyar a duniya da zinare 14, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 11 ba. Amma a daidai lokacin Tarayyar Sobiyet ta riga ta rushe, tallafin da ke riƙe da tattalin arzikinsu ya yanke, ga takunkumin Amurka, abinci da mai da kayan atisaye duk suka yi wuya. Tsarin bai faɗi rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa zubewa, kuma babbar ɓarakar ita ce ficewar 'yan wasa. Libania Grenot ta koma Italiya ta zama zakarar Turai a mita 400, Orlando Ortega ya ci wa Sifaniya azurfa a Rio, Yasmani Copello ya ci wa Turkiyya tagulla. A Paris 2024 abin ya kai maƙura, a tsalle mai taku uku na maza wanda ya ci zinare Jordan Díaz na Sifaniya, mai azurfa Pedro Pichardo na Fotugal, mai tagulla Andy Díaz na Italiya, dukkansu haifaffun Kyuba ne kuma a can aka horar da su, ita kuwa Kyuba ta tashi babu lamba ko ɗaya a tsere da tsalle.

Hukumomin Kyuba suna kallon wannan a matsayin kwashe musu gumi, sun ɗauki yaro tun yana ƙarami sun ciyar sun koyar kyauta, sai ya nuna wata ƙasa mai kuɗi ta ba shi fasfo. 'Yan wasan kuma suna cewa ƙafa ba ta daɗewa, ga iyaye ga iyali, ga filin atisaye ya lalace, ba za su zauna su tsufa hannu wofi ba. Duk wanda ya ga Francis Obikwelu ya ci wa Fotugal azurfa a mita 100 a Athens 2004, ko Salwa Eid Naser tana ci wa Bahrain, ya san wannan gardamar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Ni ba na iya zagin yaron da ya tafi, wallahi ba na iyawa, amma ina jin takaicin kocin lardi da ya gano shi yana ɗan shekara goma kuma babu mai ambaton sunansa ranar da aka rataya lambar. Hukumar tsere ta duniya ta sa dokar jiran shekara uku kafin mutum ya sauya ƙasa, gwamnatin Kyuba ma tun 2013 ta sassauta ta bar 'yan wasa su riƙa ƙulla kwantiragi a waje ta hannun hukuma, amma duk wannan bai tsayar da tafiyar ba.

Kuma tseren miƙa sanda ne ya fi jin jiki. Mai tsalle shi kaɗai yake, in ɗaya ya tafi wani zai iya tasowa, amma sanda sai da mutum huɗu da na biyar da na shida a benci, waɗanda suka san takun juna, in ɗaya ya sauka a filin jirgin Madrid bai dawo ba to an koma farko. Matan Kyuba sun nuna har yanzu akwai sauran abin a 2021, lokacin da Zurian Hechavarría da Rose Mary Almanza da Lisneidy Veitía da Roxana Gómez suka ci zinare a mita 400 sau huɗu a gasar miƙa sanda ta duniya a Poland. Mazan kuwa tun tagullar Sydney 2000 ba su sake hawa dandamalin Olamfik a miƙa sanda ba, duk da cewa har yanzu tsibirin yana fitar da masu gudu, Reynier Mena ya yi 19.63 a mita 200 a 2022, amma lokacin da ya yi wannan gudun ya riga ya bar tawagar ƙasar yana atisaye a Fotugal.